Yadda ake riƙe dabbobi a kan tudu daga damina har wata daminar

Wanda bai taɓa kwana da dabbobi a saman tudu ba, in ya hango koren nan da hazo ya lulluɓe da safe sai ya ɗauka kiwo a can ba wahala. Ta wani ɓangaren yana da gaskiya, dan ƙudan tsando bai cika hawa can ba, zafi ma da sauƙi, shi yasa shanu ke yin kyau a wurare irin Mambila da Jos da tuddan Habasha. Amma tudu yana da nasa halin. Duk mita 1,000 da ka hau sama, sanyi na ƙaruwa da wajen digiri 6, iska ta fi ƙarfi, ruwan sama na wanke ƙasa ya gangara da amfaninta kwari, hanya kuma in ta lalace ko likitan dabbobi ba zai iso ka ba sai bayan kwanaki. Abin da na fahimta cikin shekarun da na yi ina wannan aiki shine aikin kowane lokaci ana yinsa ne tun a lokacin da ya gabace shi, abincin rani tun da damina ake tara shi, haihuwar bana tun watanni biyar ko tara baya aka tsara ta. To bari mu bi shekarar daki-daki ɗan uwa, in ƙasarku ta dusar ƙanƙara ce sai ka sa lokacin ƙanƙarar a gurbin rani, lissafin kusan ɗaya ne.

Mataki na farko, tun kafin ruwa ya sauka, ka duba inda ka kafa turke. Kar ka kafa a ƙololuwar tudu, nan ne iska ke dukan dabba dare da rana kuma nan tsawa ta fi faɗawa. Kar kuma ka sauka can ƙasan kwari, dan da daddare iska mai sanyi gangarowa take yi ta taru a nan, ga danshi ga laka. Tsakiyar gangare ya fi, gefen da ranar safe ke fara bugawa, inda ruwa zai wuce ba zai kwanta ba. Ka haƙa ɗan lambatu ta saman turken ya karkatar da ruwa gefe, ka yi rumfa ko da ta ciyawa ce wadda bayanta ke fuskantar inda iska ke fitowa. Babbar saniya tana jure sanyi, tana jure ruwa, amma in sanyi da jiƙa da iska suka haɗu kan ɗan maraƙi ko ɗan tunkiya to dare ɗaya ya isa.

Mataki na biyu shima kafin ruwa ne, wato rigakafi. Ka nemi malamin dabbobi tun hanya na da kyau a yi wa shanu allurar harbin daji da ta ciwon huhu da duk wadda ake yi a yankinku, tumaki da awaki kuma a yi musu ta PPR, wato annobar nan mai sa su zazzaɓi da majina da zawo. In ka sayo sabuwar dabba kar ka zuba ta cikin garke a ranar, ka ware ta sati 3 zuwa 4 kana kallonta, ka ba ta maganin tsutsa, ka duba kofatonta. In kuma tudun naka ya kai mita 2,000 ko fiye, ka yi hattara da shanun da aka hauro da su daga ƙasa, wasunsu zuciyarsu ba ta ɗaukar ƙarancin iskar can, zaka ga ƙirji ya kumbura ta ƙasa dabba na haki in ta ɗan yi tafiya, irin wannan a mayar da ita ƙasa da wuri.

Sai ruwan farko. Nan ne mutane da yawa ke asara alhali suna murna. Dabba ta yi watanni tana cin busasshen abu, cikinta ya saba da shi, kwatsam sai ga sabon tsiro mai ruwa-ruwa, ta cika ciki da shi sai zawo ko kumburin ciki. Abin da zaka yi, kwana 10 zuwa sati 2 na farko ka fara ba su busasshiyar ciyawa da safe kafin su fita, ko da kaɗan ce, ka bari rana ta ɗaga raɓa ta bushe sannan ka sake su, kuma ka riƙa ƙara musu lokacin kiwo a hankali. Shi yasa nake cewa kar mutum ya cinye ajiyarsa ƙarƙaf da rani, ya rage wani abu na wannan sati biyun. Alamar kumburin ciki a gefen hagu take, zaka ga wurin ya tashi kamar ganga dabba ta tsaya tana nishi, ka ɗura mata man girki a hankali, ka tsayar da ita gabanta ya fi bayanta tudu, ka aika a kira malami. Sannan ka san ciyayin da ke kisa a wurinka. A tuddai masu danshi akwai wani tsiro mai ganye kamar gashin tsuntsu da ake kira braken, shanu in yunwa ta sa suka daɗe suna cinsa yana sa su fitsarin jini har ya kashe. Gyauron dawa ma kowa ya san aikinsa, guba gare shi.

Da damina ta kankama aikinka ya koma ƙafa, fata da ciki.

Ƙafa tukuna. Laka da kashi in suka haɗu suna ruɓar da kofato, musamman na tumaki, kuma a kan tudu dabbar da ke ɗingishi ba ta iya bin garke ta hau ta sauka, dan haka nan da nan take ramewa. Kullum da safe in suna fita ka tsaya a bakin turke ka kalli tafiyarsu. Wadda ka ga tana ɗaga ƙafa ko tana kiwo a durƙushe kan gwiwa, kama ta ka juya kofaton, ka wanke tsakanin, in ka ji wari irin na ruɓa to ciwon ne. Ka ware ta a busasshen wuri, a jiƙa ƙafar cikin ruwan wani garin magani da ake kira zinc sulphate, kilo 1 cikin lita 10 na ruwa, in ya yi tsanani sai an haɗa da allura. Turken ma a riƙa kwashe kashi ko a matsar da shi gaba.

Fata kuma kaska ce da kirci. Kaska tana ɓuya a kunne, ƙarƙashin wutsiya, hantsa da hammata, tana kawo zazzaɓi da jan fitsari, kuma inda ta ciza nan kirci ke samun ƙofa in ruwa ya daɗe yana dukan bayan dabba. A riƙa fesa magani ko zubawa a gadon baya yadda takardar maganin ta ce, kar ka rage awo dan ya daɗe maka, ragewar nan ita ke sa kaska ta saba da maganin ya daina kashe ta.

Batun ciki ne nake so in ɗan tsaya a kai dan shi ya fi cin dabbobin tudu a ɓoye. Tsutsar ciki ƙwanta na fita ta kashi, ya ƙyanƙyashe a jiƙaƙƙiyar ciyawa, dabba ta sake ci. In garke na kiwo wuri guda kullum to kullum suna sake ɗiban ta. Ka raba wurin kiwonka gida huɗu ko biyar ko da da ido ne, daga wancan dutse zuwa waccan ƙorama, su ci wannan na kwanaki sannan a bar shi ya huta sati 4 zuwa 6. Wannan hutun yana rage tsutsa, yana ba ciyawa dama ta dawo, kuma yana hana gangare zama tsirara, dan da zarar kofato ya kashe ciyawar gangare ruwa zai fara yanka ƙasar, ƙaramar hanyar shanu ta bana ita ce kwazazzabon shekaru masu zuwa, kuma ƙasar da ta gangara ba ta dawowa. Duk sati biyu ka ja fatar idon tumaki da awaki ta ƙasa ka duba, in ja ce lafiya lau, in ta yi fari-fari jini ya ragu, wannan ita ke buƙatar magani. Ka auna maganin daidai da nauyin dabba, in kana shakka ka ɗauki nauyin wadda ta fi girma a cikin sa'o'inta.

Sai tsutsar hanta, ita kuma ta wurin ƙananan katantanwa take bi, waɗanda ke zama a fadama da bakin ƙorama da duk inda ruwa ke tsatsafowa daga gindin dutse. Tudu cike yake da irin waɗannan wurare kuma ciyawarsu ta fi kore, dan haka dabbobi can suke nufa. Alamarta rama duk da ana ci, farin ido, da kumburi mai laushi a ƙarƙashin haɓa kamar an zuba ruwa. In zaka iya ka killace wurin da ya fi caɓi, ka yi musu wurin shan ruwa mai tsakuwa ko kwami. Ba kowane maganin tsutsa ke kashe ta ba fa, albendazole manyan tsutsar kawai yake kashewa kuma ba a ba dabbar da ta ɗauki ciki kwanan nan, triclabendazole shi ke kama har ƙananan. Ka tambayi malami lokacin da ya dace a yankinku, galibi ƙarshen damina ne da kuma can cikin rani. Kuma kowane magani akwai kwanakin da ba a shan nonon ko cin naman dabbar bayan an ba ta, yana rubuce a jikin kwalba, dan Allah a kiyaye, haƙƙin mutane ne.

In hadari ya haɗo kana saman tudu ka gangaro da garke tun kafin ya iso, kar su taru ƙarƙashin bishiya guda ɗaya tilo ko jikin shingen waya, tsawa ɗaya na iya kwantar da dabbobi da yawa a wuri guda.

Yanzu ga matakin da duk shekarar ta rataya a kansa, tara abinci. Kuskuren da aka fi yi shine a jira sai ciyawa ta bushe a tsaye sannan a yanka. Wannan kara ne kawai, cika ciki yake yi amma amfaninsa ya tafi. Ciyawa ana yankanta ne lokacin da ta fara fitar da kai, kafin ta yi 'ya'ya, tana kore. Matsalar tudu ita ce a daidai lokacin ruwa bai gama ɗaukewa ba ga hazo ga raɓa, dan haka ka riƙa yanka kaɗan-kaɗan gwargwadon abin da zaka iya busarwa cikin kwana 2 ko 3, ka yanka da hantsi bayan raɓa ta tashi, ka baza, ka juya, da yamma ka tattara ka rufe. In ƙasa a jiƙe take ka kafa sanduna uku kamar murhu ka rataya ciyawar a kai iska na shiga ta ƙasa. Yadda zaka gane ta bushe, ɗebi cikin hannu ka murɗa, in ta yi ƙara tana ɗan karyewa kuma ba danshi a tafin hannunka to ta yi, in ta murɗu shiru kamar tsumma da saura. Kar ka tara mai danshi, fumfuna za ta yi, wani lokaci ma tarin ya yi zafi daga ciki har ya kama wuta. A ɗora kan dakali ko itace, a rufe sama. Harawa da duk wani ganyen wake ko gyaɗa a ajiye shi daban, na masu ciki ne da masu shayarwa. Inda rana ta ƙi samuwa sam, sai a yi na rami, a daddatsa ɗanyar ciyawa ko karan masara a zuba a rami mai leda, a tattake sosai har iska ta fita, a rufe ruf a danne da ƙasa, bayan wajen sati 6 an samu sailej. In iska ta shiga ruɓewa zai yi.

To nawa zaka tara? Zauna da biro ka yi lissafi. Dabba na cin busasshen abinci kimanin kashi 2.5 zuwa 3 cikin 100 na nauyinta a rana. Saniya mai kilo 250 kenan tana son wajen kilo 6 zuwa 7 da rabi, tunkiya mai kilo 35 wajen kilo 1. A ce kana da shanu 10 da tumaki 20 kuma wahalar wata 4 ce, kwana 120, shanu za su ci kilo 7,200 in ka sa kilo 6, tumaki 2,400, jimla 9,600. In kana ganin za su samo rabi a daji to kana buƙatar 4,800 a ajiye, ka ƙara kashi ɗaya cikin biyar saboda wanda za su tattake da kuma ko ruwa ya makara. Ka auna dami ɗaya a sikeli ka ƙirga damunanka. In lissafi bai kai ba, amsar ita ce ka rage baki tun da kaka, lokacin da suke da ƙiba. Tsohuwar da haƙoranta suka zube, wadda hantsarta ta lalace, wadda ta shekara biyu ba haihuwa, mazan da ba na barbara ba, su za su fara tafiya. Na san abu ne mai nauyi a zuciya, mutum ya san kowace da sunanta da uwarta, amma gara ka sayar da biyar suna tsaye da ka rasa goma a kwance.

Da kakar ne kuma zaka yi share-wuta kewaye da tarin ciyawa da turke da wurin da ka ware na kiwon rani. Wuta ta fi gudu in tana hawa tudu, dan haka faɗin sharar ya fi yawa ta ɓangaren ƙasa.

Sai tsara haihuwa. Tunkiya da akuya wata 5 suke yi, kwana 150 ko ƙasa kaɗan, saniya wata 9 da 'yan kwanaki. In ka bar rago da bunsuru cikin garke duk shekara to haihuwa za ta riƙa faɗowa a tsakiyar ruwa ko tsakiyar sanyi, lokacin da 'ya'ya suka fi mutuwa. Makiyayan tuddan Sikotlan suna sakin raguna wajen Nuwamba dan haihuwa ta zo a Afrilu daidai fitowar ciyawa, dabarar kenan a ko'ina, ka zaɓi watan da kake so a haihu ka ƙirgo baya. Ni dai na fi son haihuwa ta zo 'yan makonni bayan ciyawa ta kafu, ko kuma ƙarshen damina kafin sanyi ya yi ƙarfi. Sati 3 kafin barbara ka ƙara wa matan abinci, ka sa hannu a gadon bayansu wajen ƙugu, in ƙashin na sukar hannunka sun rame da yawa, in ba ka jin sa sam sun yi kitse da yawa, tsaka-tsaki ake so. A fili rago ɗaya na iya ɗaukar tumaki 30 zuwa 40, amma a tudu inda suke warwatsuwa ka rage masa. Sati 6 na ƙarshen ciki shine lokacin da ɗan ke yin mafi yawan girmansa, uwar da aka bari da yunwa a nan, musamman mai tagwaye, sai ka ga ta ware kanta ta daina ci ta kwanta, kuma da wuya ta tashi. Nan ne harawar da ka ɓoye da 'yar dusa za su yi aiki.

Ranar haihuwa abu uku ne, a busar da ɗan da aka haifa, ya sha dakashi, a tsoma cibiya a aidin. Dakashi cikin awa 2 na farko ya fi, kar dai ya wuce awa 6, ɗan tunkiya na son wajen mililita 50 kan kowane kilo na nauyinsa a shan farko. Akwai wata asuba da ba na mantawa, na fito da tocila na tarar da ɗan tunkiya kwance a bayan rumfa inda iska ke bi, uwar na tsaye a kansa tana kuka, jikinsa a jiƙe kansa a ƙasa. Na sa yatsa a bakinsa na ji shi sanyi kamar ruwan randa. Wannan ita ce alamar, bakin lafiyayye da ɗumi yake kuma zai kama yatsan ya tsotsa. Na goge shi da tsumma sosai, na sa shi cikin rigata na kai shi kusa da wuta amma ba dab ba, sai da ya iya ɗaga kai yana haɗiya sannan na tatsi uwar na ba shi kaɗan-kaɗan, kuma Allah Ya sa ya tashi. Kar ka taɓa ɗura wa wanda ba ya iya ɗaga kai nono, huhu zai tafi. In kana da ma'aunin zafi, lafiyayye digiri 39 zuwa 40 ne, ƙasa da 37 hatsari ne, in kuma ya wuce awa 5 da haihuwa a wannan hali yana buƙatar gulukos kafin a ɗumama shi, wannan aikin malami ne ko wanda aka koya wa.

Da rani ya shigo sosai sai ka raba garke a wajen ciyarwa, masu shayarwa da masu ciki da ƙanana su fara, in ka zuba wa kowa tare ƙarfafa ne za su cinye. A zuba a kwami ko a rataye, kar a watsa a ƙasa. Ruwa kuma saniya na shan lita 30 zuwa 50 a rana gwargwadon zafi da shayarwa, kuma duk hawa da saukar da take yi zuwa rafi daga jikinta ake cirewa, dan haka in maɓuɓɓuga na kusa ka gyara ta tun da wuri, ka kewaye idon ruwan ka ja shi zuwa kwami. Gishirin lasa kar ya yanke, ƙasar tudu da ruwa ya wanke tana da ƙarancin sinadarai, in ka ga saniya na tauna ƙashi ko tsumma ko tana lasar ƙasa to abin da take nema kenan. Amma ka karanta jikin gishirin, wanda aka haɗa dan shanu yakan zo da sinadarin jan ƙarfe (copper) mai yawa, shi kuma yana taruwa a hantar tumaki ya kashe su.

In dole sai an sauka kwari neman ciyawa da ruwa, ka tuna shanun tudu ba su saba da sammore, cutar da ƙudan tsando ke kawowa, da cututtukan kaskar ƙasa ba, ka je ka ga wurin da idonka tukuna, ka yi magana da masu gonakin da zaka bi ta kusa da su tun kafin kofato ya taka, ka nemi shawarar malami kan maganin kariya, masu tsohon ciki da ƙananan maruƙa kuma a bar su sama da abincin da aka tara. In an dawo a ware waɗanda suka sauka na 'yan makonni, a yi musu maganin kaska da na hanta kafin su gauraya da sauran. Kafin nan hadari ya fara haɗowa ta gabas, sai ka koma ka duba lambatun nan na saman turke ko ya cike, ka ƙirga damunan da suka rage ka ware na sati biyun farkon ruwa.